Ƙanƙara, Motar Makaranta da Hukuncin Ƙarfe Biyar na Asuba

Dusar ƙanƙarar da ta sauka a birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka ranar Talata 28 ga Janairu 2014 ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Inci 2.6 aka auna, wato ƙasa da santimita 7. A Kanada ko a jihohin arewacin Amurka, irin wannan ba ta hana kowa fita cefane. Amma a daren nan dubban yara 'yan makaranta ba su kwana a gaban iyayensu ba. Wasu a ƙasan aji suka kwana, wasu a ɗakin wasanni, wasu kuma dare ya raba suna cikin motar makaranta a tsakiyar babbar hanya, ba gaba ba baya. A jihar Alabama da ke maƙwabtaka, yara sama da 11,000 ne suka kwana a makarantunsu. Tafiyar da aka saba yi cikin rabin awa ta ci wa mutane da yawa fiye da awa 12, har wata mata ta haihu a cikin mota a kan titin I-285 da ya kewaye birnin.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya cewa sangarta ce ta mutanen da ba su saba da wahala ba. Ni ban ga haka ba. Abin da ya faru a Atlanta ya tona wata tambaya da ke dawowa duk shekara a Amurka, kuma duk shekara sai an yi cacar baki a kanta: yaushe ya kamata a rufe makaranta saboda ƙanƙara, wa zai yanke hukuncin, kuma a kan wa nauyin zai faɗa idan an rufe?

Sai an fara da sanin abin da ake tsoro tukuna, domin kalmar ƙanƙara a bakinmu ta haɗe abubuwa da yawa. Wadda muka sani ita ce mai faɗowa kamar tsakuwa a farkon damina, ta daki kwanon rufi, yara su fita tsinta. Dusar ƙanƙara kuwa garas-garas take sauka kamar auduga, ana iya ture ta da mota mai shebur a gaba, taya kuma tana ɗan samun abin kamawa a kanta. Mafi sharri ita ce ta ukun, ruwan sama mai daskarewa. Yakan faru ne idan iska mai ɗumi ta hau kan iska mai tsananin sanyi da ta kwanta a ƙasa. Abin da ya taso daga gajimare a daskare sai ya narke a cikin ɗumin nan ya koma ruwa, ya ratsa siririn sanyin da ke ƙasa bai samu lokacin sake daskarewa a sama ba. Yana taɓa kwalta ko reshen bishiya ko wayar lantarki, nan take ya ƙame ya zama kamar gilashi. Ido ba ya ganinsa a kan titi, direba zai ɗauka jiƙa ce kawai sai ya taka birki ya ji motar ta ƙi jin magana. Gadoji su ne kan gaba wajen daskarewa, saboda iska na ratsa su sama da ƙasa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka takan fitar da babban gargaɗi idan ana sa ran kaurin ƙanƙarar zai kai rubu'in inci, kimanin milimita 6. Kaurin nan kaɗan ya isa ya karya rassa, ya tsinka wayoyi, ya jefa unguwanni cikin duhu.

Jojiya da jihohin Karolina suna da wata matsala ta musamman. Iska mai sanyi da ke gangarowa daga arewa takan maƙale a gabashin tsaunukan Appalachia, ta kwanta a ƙasa ta ƙi motsi, yayin da danshi mai ɗumi daga Tekun Meziko ke bi ta samanta. Bambancin digiri ɗaya ko biyu shi ke raba ruwan sama na yau da kullum da bala'i. Shi ya sa hasashen irin wannan rana ke da wuya, kuma shi ya sa wanda zai yanke hukunci a kansa yake cikin tsaka mai wuya.

A Amurka ba ministan ilimi ke rufe makarantu ba, sau da yawa ma ba gwamna ba ne. Ƙasar na da gundumomin makarantu kusan 13,000, kowacce da hukumarta da shugabanta, kuma wannan shugaban shi ke cewa a buɗe ko a rufe. Al'adar ita ce tun wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare ma'aikatan sufuri su fita su gwada tituna, musamman lungunan karkara da hawa da gangara, a tuntuɓi 'yan sanda da masu hasashe, a kira shugabannin gundumomin maƙwabta a ji ra'ayinsu. Kafin ƙarfe biyar ko biyar da rabi dole a sanar, domin direbobin rawayen bas ɗin nan sun kusa tayar da mota. Bas-bas ɗin makaranta a ƙasar sun kusa rabin miliyan, suna ɗaukar yara sama da miliyan 20 kowace rana. Ga kuma manyan ɗaliban sakandare da ke tuƙa kansu, 'yan shekara 16 da 17 waɗanda ba su taɓa jin mota ta zame a ƙarƙashinsu ba. Mutum ɗaya ne zai duba duk wannan cikin duhun asuba, ya yi hukunci a kan sararin samaniyar da ba ta riga ta nuna abin da za ta yi ba.

A ranar ta Atlanta, hukumar hasashe ta fitar da gargaɗin da ya haɗa da birnin da ƙarfe 3:38 na dare. Lokaci ya isa a rufe. Yawancin gundumomin yankin suka buɗe. Da dusar ta fara sauka wajen tsakar rana, sai kowa ya farga a lokaci guda: makarantu suka sallami yara, kamfanoni suka sallami ma'aikata, ofisoshin gwamnati ma haka. Yanki ne mai mutane sama da miliyan 5 da kusan kowa mota yake hawa, jirgin ƙasan birnin kuma a lokacin bai wuce ƙananan hukumomi biyu ba. Motoci suka kwararo kan tituna, tayoyi suka danne dusar ta narke, sanyi ya ƙaru ta sake ƙamewa ta zama santsi. Manyan motocin dakon kaya suka gindaya a kan hawa. 'Yan motocin watsa gishirin da ake da su suka maƙale a cikin cunkoson da aka tura su warwarewa. Iyayen da suka fita ɗauko 'ya'yansu suka ƙara yawan motocin da suka hana bas ɗin 'ya'yan nasu motsi. Daga baya magajin garin, Kasim Reed, ya amsa cewa kuskure ne sakin kowa lokaci ɗaya, da an fara sallamar makarantu, sannan 'yan kasuwa, sannan ma'aikatan gwamnati.

Abin lura a nan shi ne, buɗe makaranta a rufe ta da tsakar rana ya fi kowane zaɓi muni. Da an rufe tun asuba, yaran suna gida. Da an riƙe su har tituna su lafa, suna cikin gini mai ɗumi da abinci. Tsakiyar da aka zaɓa ita ta jefa su kan hanya daidai lokacin da hanyar ta fi haɗari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To me ya hana su rufewa? Gwamnan jihar na lokacin, Nathan Deal, ya ba da amsar da ta fusata mutane, amma a ganina ita ce ta fi kowacce fito da gaskiyar lamarin. Da farko ya ce abin ya zo ba zato, masana yanayi suka yi masa ca, domin gargaɗin yana nan a rubuce da lokacinsa. Sannan ya ce ba sa son a zarge su da yin ihu babu kura, don da sun rufe komai ƙanƙarar ba ta zo ba, da 'yan jaridar nan ne za su tsare shi da tambayar miliyoyin dalolin da ya jawo aka yi asara. Bayan kwana biyu ya fito ya nemi gafara, ya ɗauki laifin.

Wannan tsoron ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Jama'a ne suka koya wa shugabanni shi. Duk ranar da aka rufe makaranta rana ta fito tas, shafukan gundumar a Facebook sukan cika da ƙorafi: an mayar da yara ragwaye, mu a zamaninmu da ƙafa muke zuwa, wa zai biya ni kuɗin yinin da na rasa. Ranar da aka buɗe kuma bas ɗaya ta zame cikin kwalbati, mutanen nan dai su ne za su ce an yi wasa da rayukan 'ya'yansu. Gaba kura baya sayaki. Sai dai kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan nake ganin masu ƙorafin ba sa yi wa kansu adalci. Rufewar da ba ta zama dole ba asararta yini guda ce, ana iya rama shi a ƙarshen zango, tunda yawancin jihohi kwana 180 ko kusa da haka suke buƙata a shekara, gundumomi kuma sukan ware kwanakin ramuwa. Buɗewar da ta zo da hatsari ba ta da ramuwa. Al'ummar da ke tsangwamar shugaba duk lokacin da ya yi taka-tsantsan tana renon shugaban da zai yi jinkiri ranar da jinkiri ke kisa.

Duk da haka ba zan ce masu jin haushin rufewa duk son rai ne ba. Akwai waɗanda kukansu na gaskiya ne, kuma su ne ba a cika jin muryarsu ba. Makaranta a Amurka ta wuce wurin karatu. Ita ce mai renon yara daga safe zuwa la'asar a ƙasar da uwa da uba duk suna fita aiki, dangi kuma sun warwatsu a jihohi daban-daban. Ba kakar da za a miƙa wa yaro ta katanga, ba matar wa ko ƙanwar uba a sashen da ke kusa. Ma'aikacin ofis zai buɗe kwamfutarsa a falo ya ci gaba da aiki. Mai jinya a asibiti, da mai kula da tsofaffi, da mai tsaron kanti da ake biya da awa, ba su da wannan gatan: ko dai su bar yaro shi kaɗai, ko su rasa kuɗin ranar, wani lokaci ma har aikin. 'Yan uwanmu da ke zaune a Atlanta ko Houston ko Maryland, waɗanda da yawansu irin waɗannan ayyukan suke yi, sun san zafin saƙon da ke shigowa waya da asuba cewa yau babu makaranta.

Sai kuma ciki. Tun 1946, zamanin Shugaba Truman, Amurka ke da shirin ciyar da 'yan makaranta, wanda ke ciyar da yara kusan miliyan 30 a rana, mafi yawansu kyauta ko a kan ragi. Akwai yaran da abincin makaranta shi ne mafi ƙwari da za su ci a yini. Wannan hujjar ce hukumomin birnin Niyok suka riƙe a Fabrairun 2014, lokacin da magajin gari Bill de Blasio ya bar makarantu a buɗe ana tsakiyar zubar dusa. Shugabar makarantun birnin, Carmen Fariña, ta kawo maganar abinci mai zafi da iyaye masu aiki, amma ta haɗa da cewa ai gari ya yi kyau a waje, wannan kalmar kuma ita mutane suka riƙe suka yi ta caccakarta. Hujjarta ta abinci ba ƙarya ba ce. Abin da ke damuna shi ne a ce ƙasa mai wannan arziki sai ta fitar da yaro kan santsi kafin ta iya ba shi abincin rana. Wasu gundumomi sun gane haka, suna raba wa yara ƙunshin abinci tun jajibiri idan hasashe ya nuna za a rufe. Abu ne mai sauƙi, amma yana buƙatar a yanke hukunci tun jiya, ba da asubar yau ba.

Batun asarar karatu, wanda aka fi ɗagawa, shi ne ma mafi rauni. Wani masanin tattalin arziki, Joshua Goodman, lokacin yana Jami'ar Harvard, ya bi bayanan makarantun jihar Massachusetts na shekaru da dama, ya fitar da sakamakonsa a 2014. Ya gano cewa kwanakin da aka rufe makaranta gaba ɗaya saboda dusa ba su yi wa sakamakon jarrabawa wata illa ta a-zo-a-gani ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne ranakun da aka buɗe amma wasu yaran suka kasa zuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane dalili. Idan aji duka bai zo ba, malami zai matsar da darasin zuwa gobe. Idan rabi ya zo rabi bai zo ba, ko dai ya ci gaba ya bar na gida a baya, ko ya maimaita ya ɓata wa waɗanda suka zo lokaci. Wani binciken da aka yi a Maryland kafin wannan ya nuna cewa idan kwanakin rufewa suka yi yawa kafin jarrabawa, ƙananan yara sukan ji a jikinsu, don haka ba a ce rufewa kyauta ba ce. Amma kwana ɗaya ko biyu ba su ne ke rushe karatun yaro ba.

Bayan annobar korona, wasu suka ɗauka an samu mafita: a rufe ginin, a yi darasi ta intanet. Birnin Niyok ya sanar a 2022 cewa hutun dusa ya ƙare. Da aka zo gwada tsarin ranar 13 ga Fabrairu 2024, ɗimbin yara da malamai suka kasa shiga manhajar da safe, hukumomin birnin suka ɗora laifin a kan kamfanin IBM. Wannan ma dusa ce, da wuta a gari. Ruwa mai daskarewa kuwa wayoyin lantarki yake fara ci. Darasin intanet ba shi da amfani a gidan da babu wuta.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai game da daren Atlanta shi ne yadda jama'a suka tashi. Wata mata ta buɗe zaure a Facebook mai suna SnowedOutAtlanta, cikin kwana guda mutane sama da 40,000 suka shiga. Mai ɗaki a kusa da mahaɗar titi kaza ya rubuta, mai tsohuwa da ta maƙale babu magani ya rubuta, aka riƙa haɗa su. Kantunan Home Depot da wasu manyan shagunan abinci suka bar ƙofa a buɗe mutane suka kwana a tsakanin kantoci. Mazauna bakin hanya suka fito da ruwa da abin sha mai zafi suna bin motoci. Malamai da masu dafa abinci da masu shara suka kwana da 'ya'yan wasu, alhali da yawansu ba su san halin da nasu suke ciki ba. A Birmingham ta Alabama wani likitan ƙwaƙwalwa ya taka kimanin mil 6 a cikin dusa don ya yi wa majinyaci tiyata. Dakarun tsaron jihar Jojiya kuma suka shiga da motocin soja suna kai wa yaran da ke cikin bas abinci, suna kwashe su.

Wannan abin a yaba ne, kuma ina yabawa. Amma ina jin tsoron yadda irin waɗannan labarai masu daɗi ke rufe tambayar da ta kamata. Malamar da ta kwana tana lallashin yara 'yan shekara shida ta yi abin kirki, sai dai gazawar wasu ce ta ɗora mata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kirkin maƙwabta ba ya zama madadin motar gishiri, ko yarjejeniya tsakanin gundumomi kan wa zai fara sallama.

Idan ƙanƙarar ta yi tsanani sosai, tambayar buɗewa ko rufewa takan ɓace, ginin makarantar ya koma wani abu daban. A Janairun 1998 ruwa mai daskarewa ya yi kwanaki yana zuba a gabashin Ontariyo da kudancin Kebek a Kanada, a wasu wurare kaurinsa ya kai milimita 100. Manyan hasumiyoyin ƙarfe masu ɗauke da wayoyin lantarki kusan dubu suka durƙushe, mutane miliyoyi suka rasa wuta a tsakiyar hunturu, gwamnati ta fito da sojoji sama da 15,000. A yankin kudu da Montreal da aka laƙaba wa suna alwatikar duhu, wasu garuruwan sun yi makonni babu lantarki, makarantu da dama suka zama masaukin jama'a, aka jera gadaje a ɗakunan wasanni. A Teksas ma, cikin Fabrairun 2021, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka mutu, akasari sanyi ne ya kashe su, wasu kuma hayaƙin janareta ko gawayi ko mota da suka kunna don ɗumama ɗaki. Makarantun da ke da wuta aka buɗe su don mutane su sha ɗumi, wasu kuma bututun ruwansu suka fashe, rufewar ta zarce bayan ƙanƙarar ta narke. Wannan fuskar ta lamarin ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ko da yake namu ruwa ne ba sanyi ba. A 2024 gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, azuzuwa da yawa na cike da waɗanda gidajensu suka rushe. A Maiduguri ma, bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar shekarar, an rufe makarantu, wasunsu suka zama sansani. Ko'ina, makarantar gwamnati ita ce ginin da talaka ke gudu zuwa cikinsa.

Mako biyu bayan daren Atlanta, wata guguwar ta sake tunkaro Jojiya, wannan karon ruwa mai daskarewa na gaske. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Gwamna Deal ya ayyana dokar ta-ɓaci tun kafin ɗigon farko, makarantu suka rufe tun da wuri, aka tanadi gishiri, aka roƙi kowa ya zauna a gida, mutane kuma suka ji. Hotunan manyan titunan Atlanta suka fito fayau babu mota, ba yaron da ya kwana a bas, aka yaba wa hukumomi, kuma sun cancanci yabon. A gabashin jihar, wajen birnin Augusta, ƙanƙarar ta kai kusan inci guda, bishiyoyi suka yi ta faɗawa kan wayoyi, gidaje dubu ɗaruruwa a faɗin jihar suka rasa wuta, wasu na tsawon kwanaki. Yaran da aka tsare daga santsin titi, da yawansu a waɗannan gidajen suke zaune, cikin sanyi da duhu, makarantar da ke ba su ɗumi da abincin rana kuma tana kulle.